Kwanan Kyauta a Otel: Wa Ke Biyan Kuɗin Ɗakin?

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da jirage, ɗakunan otel suka zama kufai, kamfanin Hilton ya sayar da wata haja ta dala biliyan ɗaya, aka biya shi lakadan. Hajar nan ba a ganin ta da ido. Maki ne, irin wanda ake tara wa mai kwana a otel, mai sayen kuwa American Express. Wata guda bayan haka Marriott ya karɓi dala miliyan 920 tun kafin lokacin biya daga abokan cinikinsa biyu, miliyan 570 daga bankin Chase, miliyan 350 daga American Express. Gadaje babu kowa a kansu, an sallami ma'aikata, amma bankuna na layin sayen alƙawarin kwana. Wanda yake son ya gane katin bashin otel da ya cika aljihun Amurkawa, daga wannan ciniki ya kamata ya faro.

Katin da ake magana a kai banki ne ke bayar da shi, sunan otel kawai yake ɗauke da shi. Kana sayayya da shi kamar kowane katin bashi, a ƙarshen wata a kawo maka lissafi. Bambancinsa shi ne kowace dala ka kashe ana rubuta maka maki a asusunka na otel ɗin, ranar da makin ya taru ka kwana ba ka biya ba. A kan wannan ake ɗora wasu abubuwan jan hankali: garaɓasar maki mai yawa ga sabon shiga, kwana ɗaya kyauta duk shekara, da wani matsayi da ke sa a kyautata maka idan ka sauka. Mafi yawan katunan suna da kuɗin shekara, daga dala 95 har zuwa 650.

Asalin abin gyara ne, irin wadda mai awo ke ƙara wa wanda ya saba saye a wurinsa. Kamfanin jiragen American Airlines ya fito da tsarin tara wa fasinja maki a 1981, otel-otel suka kwaikwaya. Holiday Inn da Marriott sun fara nasu a 1983, Hilton ya biyo a 1987. A lokacin sai ka kwana ake ba ka maki, kuma an yi shi ne domin ɗan kasuwa ko wakilin kamfani da ke rabin shekara a hanya. Yau gyarar ta zama haja mai zaman kanta, ana kai ta kasuwa a sayar wa banki a sari, kuma mutum na iya tara maki dubu ɗari bai taɓa taka ƙofar otel ba.

Dalilin farko na wannan sauyi yana cikin yadda manyan kamfanonin otel suka sake fasali. A 1993 Marriott ya rabu gida biyu: ɓangare ɗaya ya riƙe gine-gine da basussukansu, ɗaya ya riƙe suna da gudanarwa. Sauran suka bi wannan hanya. Yanzu akasarin otel ɗin da ka ga an rubuta Hilton ko Marriott a goshinsa na wani attajiri ne ko wani kamfanin gidaje, wanda ke biyan wani kaso na cinikinsa domin a bar shi ya yi amfani da sunan. Kamfanin da ba shi da gini, me yake sayar wa mai ginin? Baƙi. Yana ce masa, ɗauki sunana, ina da mutane da za su zo su kwana a wurinka ba tare da ka biya dillalan intanet irin su Booking da Expedia la'ada mai tsada ba. Shi ya sa yawan mambobi ya zama jarin kamfanin na gaskiya. Marriott Bonvoy da Hilton Honors kowannensu ya haura mamba miliyan 200 a 2024. Mai riƙe da kati kuwa shi ne mamban da ya fi wuyar ƙwacewa, domin kowace safiya yana ganin sunan otel ɗin a cikin walat ɗinsa, kuma yana da maki da zai ji asararsu idan ya sauka wani wuri.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma shi ya sa abin ya yi ƙarfi a Amurka fiye da ko'ina. Duk lokacin da aka biya da katin bashi, mai shago ba ya karɓar kuɗinsa cif. Ana cire wani kaso, mafi yawansa ya tafi ga bankin da ya bayar da katin. A Amurka wannan la'ada tana kai kashi 2 cikin ɗari, a kan katunan alfarma ma ta wuce haka. Daga cikinta banki ke sayen maki a wurin otel. Tarayyar Turai ta ƙayyade tata a 2015, ta ce kada ta wuce kashi 0.3 cikin ɗari a katin bashi. Ga sakamakon nan a fili: akwai katunan otel a Turai, amma ba za ka ga irin rabon da ake yi a Amurka ba, domin tukunyar da ake ɗiba ba ta kai ba. Karamcin da Ba'amurke ke gani a katinsa, mai shagon unguwarsu ne ya fara biyan sa, shi kuma ya mayar da shi kan farashin kaya.

Kowane kamfanin otel yana da bankinsa. Hyatt da IHG, mai Holiday Inn, suna tare da Chase, Hilton ya tattara komai ya ba American Express daga 2018, Wyndham yana tare da Barclays. Marriott ne ke da biyu, saboda lokacin da ya saye Starwood a 2016 ya gaji yarjejeniyar Starwood da American Express a kan tasa ta Chase, bai saki ko ɗaya ba. Gasar da ke tsakanin bankunan ita ta hura wutar garaɓasa, ita kuma ta hau da kuɗin shekara. Katin Marriott mafi tsada, Brilliant, ya tashi daga dala 450 zuwa 650 a 2022. Na Hilton, Aspire, ya tashi daga 450 zuwa 550 a 2023. Kowane ƙari yana zuwa da sababbin rangwame da za a ce sun fi kuɗin, amma a gutsure, wannan na cin abinci duk wata, wancan na jirgi duk wata uku, ta yadda wanda ya sha'afa ya yi asara.

To, wa ake ba katin? A nan ne mutane suka fi yin tambaya, kuma amsar tana hawa biyu. Hawa na farko kowa ya san shi: makin amana da ake kira FICO, wanda ke tsakanin 300 da 850. Ana lissafa shi daga bayanan da kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, ke tarawa a kan kowane mai cin bashi. Kashi 35 cikin ɗari na makin ya dogara ga biya a kan lokaci, kashi 30 ga yawan bashin da ke kanka idan an gwada da iyakar da aka ba ka, kashi 15 ga daɗewar tarihinka, ragowar kuma ga sababbin basussuka da ire-irensu. Daga 670 ake cewa maki ya yi kyau, kuma katunan otel galibi daga nan suke farawa, masu tsadar kuma sun fi son wanda ya haura 700. Dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta wa banki ya duba ko mai nema zai iya biya, don haka ake tambayar kuɗin shiga da kuɗin haya. Tun 2013 an yarda wanda ya kai shekara 21 ya lissafa kuɗin shigar gidansu da yake da ikon taɓawa, abin da ya buɗe ƙofa ga matar da ba ta aikin albashi.

Hawa na biyu shi ne wanda ke ba mutane mamaki. Za ka ga mai maki 800, ba a taɓa bin sa ko sisi ba, an ƙi shi. Banki ba ya tsaya ga ko za ka biya, yana kuma auna ko zai ci riba da kai. Akwai mutanen da suka mayar da abin sana'a: su buɗe kati, su kwashe garaɓasa, su rufe, su koma wani. Domin su ne Chase ya kafa ƙa'idar da masu harkar ke kira 5/24. Ba a rubuta ta a takardar neman kati ba, amma an daɗe da tabbatar da ita: wanda ya buɗe katunan bashi biyar a cikin wata 24, ko daga wane banki ne, kusan tabbas za a ƙi shi. Tunda Hyatt da IHG da rabin katunan Marriott duk a hannun Chase suke, wannan ƙa'ida ita ke tsara wa mai nema wanda zai fara da shi. American Express tasa dabarar daban ce. Yana iya ba ka katin, amma garaɓasar kowane kati sau ɗaya ake ba mutum, kuma wani lokaci kana cikin cike takarda saƙo zai fito ya ce maka ba ka da rabo a garaɓasa, za ka ci gaba? Na Marriott ya fi kowanne ruɗani, domin riƙe katin Chase na iya hana ka garaɓasar na American Express, haka ma akasin haka.

Kowace nema tana barin tabo. Binciken da banki ke yi yana zama a tarihinka shekara biyu, yana kuma rage maki kaɗan na ɗan lokaci, shi ya sa neman kati uku a mako ɗaya ke sa banki ya ɗauka kana cikin matsi. Idan an ƙi ka, doka ta ce a sanar da kai dalili, kuma ana iya buga waya a nemi a sake dubawa. Sau da yawa abin da ya hana ƙarami ne, kamar adireshin da bai dace ba, ko kuma bankin na ganin bashin da ya riga ya ba ka ya isa, sai a rage daga tsohon kati a buɗe sabon.

Baƙon da ya sauka Amurka jiya, ko daga Kano ko daga Damagaram, shi matsalarsa daban ce: ba shi da tarihi kwata-kwata. Ko yana da shaguna goma a gida, a idon na'urar bankin babu shi. FICO ba ya fitar wa mutum maki sai yana da asusun bashi da ya kai wata shida. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hanyar da aka saba bi ita ce katin jingina, inda za ka ajiye dala ɗari biyu ko uku a ba ka bashin daidai su, ko wani ɗan'uwa mai tarihi mai kyau ya saka sunanka a katinsa. Bayan shekara guda ana biya a kan lokaci, sai a fara maganar katin otel.

Idan kati ya zo hannu, sai lissafi. A ganina abin da ya fi kowanne ƙima a ƙananan katunan shi ne kwanan kyauta na shekara. Marriott Boundless, mai kuɗin shekara dala 95, yana ba da kwana ɗaya a ɗakin da bai wuce maki 35,000 ba. Katin Hyatt, shi ma dala 95, yana ba da kwana a otel na rukuni na 1 zuwa na 4. Na IHG Premier, dala 99, yana ba da kwanan maki 40,000. Wanda dama yakan yi tafiya sau ɗaya a shekara ya biya dala 180 a ɗaki, ya ci riba ƙarara. Amma takardar kwanan tana mutuwa bayan wata goma sha biyu, kuma a nan tarkon yake. Mutumin da ba shi da niyyar zuwa ko'ina sai ya ga wa'adi ya matso, ya ɗauki iyali, ya sayi mai, ya biya kwana na biyu daga aljihunsa, ya ci abinci a waje, don kada dala 95 ta salwanta ya kashe ɗari biyar. Otel ya san da wannan. Ya kuma san da waɗanda za su manta gaba ɗaya.

Garaɓasar shiga ita ma da sharaɗinta: sai ka kashe dala dubu biyu zuwa dubu shida, gwargwadon katin, a cikin watannin farko. Wanda hidimar gidansa ta kai haka ba shi da matsala. Wanda zai ƙirƙiro sayayya don ya cike gurbi, ya sayi makin da tsada.

Makin yau da kullum kuwa, yawan lamba ke ruɗar mutane. Maki ba ɗaya ba ne. Masu kiyasin wannan harka sukan sa makin Hilton da na IHG a wajen rabin senti, na Marriott tsakanin senti 0.7 da 0.8, na Hyatt sama da senti ɗaya da rabi. Garaɓasar Hilton ta maki 130,000 ba ta fi ta Hyatt ta 40,000 ba, sai dai ta fi daɗin faɗa. Katin Hilton Surpass yana ba da maki uku a kowace dalar sayayya ta gama-gari, wato senti ɗaya da rabi. Alhali akwai katunan da ba su da kuɗin shekara, irin Citi Double Cash, da ke mayar maka da senti biyu tsaba, kuɗin da za ka iya sayen shinkafa da su. Saboda haka masu wayon harkar sukan ajiye katin otel a aljihun baya, su fito da shi a otel kawai, inda yake ba da maki masu yawa.

Sai matsayi, wanda shi ne romon da ya fi jan mutane. A da, wanda ya kai Diamond a Hilton ya kwana dare 60 a shekara, Platinum a Marriott kuwa dare 50. Yau Aspire na ba da Diamond, Brilliant na ba da Platinum, ko mutum bai kwana ko sau ɗaya ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Otel mai ɗakunan alfarma goma ba zai iya ɗaga darajar baƙi tamanin a dare ɗaya ba, kuma sharaɗin ya ce sai idan akwai ɗaki. A 2021 Hilton ya daina ba masu matsayin Gold da Diamond karin kumallo kyauta a otel-otel ɗinsa na cikin Amurka, ya koma ba su rangwamen dala 10 zuwa 25 a rana, abin da a manyan birane da ƙyar ya sayi ƙwai da shayi. Abin ban sha'awa, matsayin ya fi amfani a wajen ƙasar da aka samo shi: a Asiya da Gabas ta Tsakiya, inda masu katin ba su da yawa, har yanzu ana karrama shi. Hyatt ya ƙi sayar da babban matsayinsa, Globalist, kai tsaye ta hanyar kati, kuma ba mamaki shi ne matsayin da matafiya suka fi yabawa. Wanda ya fi cutuwa a wannan cunkoso shi ne matafiyin gaske, mai kwana sittin a hanya, wanda aka ƙirƙiri tsarin dominsa tun farko.

Babban abin da ya kamata mai tara maki ya riƙe shi ne, maki kuɗi ne da kamfani ɗaya ke bugawa, shi ke sa masa farashi, kuma ba ya neman izinin kowa kafin ya karya darajarsa. Da can akwai jadawali: otel kaza maki kaza. Hilton ya soke nasa a 2017, Marriott ya soke a Maris 2022, yanzu farashin maki yana hawa da sauka kamar farashin kuɗi. Ɗakin da ka yi shekara biyu kana tara masa na iya tashi ana gobe za ka kama shi. Duk wanda ya taɓa ajiye naira ya wayi gari an karya ta, ba ya buƙatar dogon bayani. Sannan akwai ƙarin kuɗin da wasu otel ke ɗorawa da sunan kuɗin wurin shaƙatawa. Hilton da Hyatt suna yafe shi ga wanda ya biya da maki zalla, Marriott ba ya yafewa, sai ka ga kwanan kyauta ya zo da takardar biya.

Mai ginin ma yana da nasa kukan. Idan baƙo ya kwana da maki, kamfanin kan biya shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai fa in otel ɗin ya kusa cika a daren, sannan a biya shi kusan cikakken farashi. Karin kumallo da ɗaga daraja kuwa daga aljihunsa suke fita, alhali kuɗin banki ya tafi hedikwata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ya sa wasu otel ke ɓoye ɗakunan da ake iya kamawa da maki a ranakun da kasuwa ke ci.

Amma wanda ya fi kowa biya shi ne wanda ya kasa sauke bashinsa a ƙarshen wata. Bashin katunan Amurkawa ya haura dala tiriliyan ɗaya a 2023, kuɗin ruwansa kuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Mutumin da ya bar dala 3,000 a kan kati shekara guda a kan kashi 22 zai biya dala 660, wato ya mayar da kusan duk darajar garaɓasar. Wani bincike da Babban Bankin Amurka ya wallafa a 2023 ya kiyasta cewa katunan tukuici suna kwashe kusan dala biliyan 15 duk shekara daga hannun waɗanda ba su iya sarrafa bashi ba zuwa hannun waɗanda suka iya, daga yankunan talakawa zuwa na masu hali. Mai biya da tsabar kuɗi ma bai tsira ba, tunda farashin shago ɗaya ne ga kowa, shi kuma ba a rubuta masa maki.

Ga Musulmin da ke zaune a can akwai wata tambaya da ta riga lissafi. Abin kwaɗayin a fili yake: Hilton da Conrad da Marriott da Hyatt Regency duk suna da otel a Jabal Umar, dab da Harami, kuma ana kama ɗakunansu da maki, ga wanda ya yi sammako. Sai dai takardar da ake sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin kuɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da ke da wannan sharaɗi ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwa ya hau. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen Yamma sun sassauta ga wanda ya tabbata zai biya duka a kan lokaci, saboda wahalar kama haya ko hayar mota a can ba tare da tarihin bashi ba. Sassaucin nan a kan larura aka gina shi, kuma da wuya a kira kwana a Conrad larura.

Hukumomi sun fara leƙa tukunyar. Hukumar kare masu mu'amala da bankuna ta Amurka ta fitar da rahoto a Mayun 2024 a kan koke-koken masu katin tukuici, ciki har da karya darajar maki da hana garaɓasar da aka yi alƙawari. A majalisar dattawa kuma, Dick Durbin da Roger Marshall sun gabatar da ƙudiri tun 2022 da zai tilasta gasa a hanyoyin da ake bi da biyan kati, abin da zai iya rage la'adar. 'Yan kasuwa na goyon baya, bankuna da kamfanonin jirage na yaƙar sa da cewa zai kashe maki. Barazanar tasu tana da tushe. Durbin ɗin nan ne ya sa aka ƙayyade la'adar katin cirar kuɗi a dokar 2010, kuma a 2011, shekarar da ƙa'idar ta fara aiki, Chase da Wells Fargo suka rufe tsarin tukuicin da ke kan irin waɗannan katuna.